Daga likkafani zuwa rabon gado: abin da ke faruwa da dukiyar mamaci a arewacin Kamaru

A Garwa da Marwa da Ngaundare, da wuya a watse daga maƙabarta ba tare da wani daga cikin dangin mamaci ya ɗaga murya ya yi sanarwar da kowa ya saba ji ba: wanda yake bin marigayi bashi, ko wanda marigayi yake bi, ya nemi wane ko wane a gida. Jama'a sukan ɗauke ta a matsayin cikamakin jana'iza kawai, alhali ita ce matakin farko na wani dogon aiki na shari'a da lissafi, wanda ba ya ƙarewa sai an danƙa wa kowane magaji haƙƙinsa. Bahaushen wannan yanki yana zaune ne a ƙarƙashin hukunci iri biyu, wato fiƙihun Malikiyya da ya gada daga malamansa, da kuma dokar ƙasa wadda tushenta a nan shi ne kundin dokokin jama'a na Faransa na 1804, da gyare-gyaren da aka yi masa kafin samun 'yancin kai a 1960. Muddin mutum yana raye, ba kasafai hukunce-hukuncen biyu suke karo ba. Ranar da ya cika kuwa tare suke tashi, kowanne da wa'adinsa da shaidar da yake karɓa. A ganina, yawancin asarar da marayu da matan mamaci suke yi tana aukuwa ne a tsakanin ranar rasuwa da ranar rabo, tun kafin a kira malamin da zai fitar da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) da sudusi (kashi ɗaya cikin shida).

Zaman makoki kwana uku ne, kuma shi ne iyakar da hadisi ya yanka wa kowa, in ban da matar mamaci. A cikin waɗannan kwanaki masu ta'aziyya suna shigowa, a ce “Ya haƙuri?”, a amsa, a yi wa marigayi addu'a, wasu kuma su ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa a gaban mai karɓar gaisuwa. Wannan kuɗin gaisuwa ba dukiyar mamaci ba ce, domin bai mallake shi yana raye ba. Na wanda aka bai wa ne, ko na hidimar da aka bayar dominta. Inda matsala take shi ne abincin da ake dafawa da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan asalin waɗannan sadakoki, kuma ba shi ne abin da ke gabanmu ba. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne aljihun da kuɗin zai fito. Idan a cikin magada akwai yaro ƙarami, bai halatta a ɗebi buhun shinkafa daga shagon marigayi ko a yanka sa daga garkensa domin ciyar da baƙi ba, sai dai idan shi da kansa ya yi wasiyya da haka, ko kuma manyan magada su ɗauki nauyin daga rabonsu. Sunnar da aka ruwaito lokacin rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ma ita ce maƙwabta su dafa wa gidan rasuwa abinci, amma a gidaje da yawa an juya lamarin, gidan marayu ne yake ciyar da unguwa.

Malaman fiƙihu suna kiran duk abin da mutum ya bari tarika, kuma ba ta zama gado sai an fitar da haƙƙoƙi huɗu daga cikinta bisa jerin da Muhtasar na Shaihu Halil ya kawo, littafin da alƙalan fadojin lamido, wato sarakunan gargajiyar yankin, suka daɗe suna hukunci da shi. Da farko akwai haƙƙin da yake rataye da wata kadara takamaimiya, kamar gidan da aka bayar jingina, wanda mai jinginar ya fi kowa cancanta da shi har a biya shi. Sai kuɗin wanka da likkafani da haƙa kabari, gwargwadon abin da aka saba ba tare da almubazzaranci ba. Sai bashi. Sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Bayan nan ne magada suke da magana. Dokokin kasuwanci na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993 kuma Kamaru da Chadi suke cikinta, su ma sun sanya kuɗin binne mamaci da na jinyarsa ta ƙarshe cikin basussukan da ake fifitawa, don haka a wannan gaɓa hukunce-hukuncen biyu ba su yi nisa da juna ba.

Kafin ma a zo ga wannan jeri akwai aikin da aka fi sakaci da shi, wato tsame abin da ba na marigayi ba ne daga cikin abin da aka tarar a hannunsa. Ɗan kasuwar da ya shekara talatin a babbar kasuwar Marwa, ko dillalin shanu a Ngaundare, ba ya rasa ajiyar mutane a wurinsa: kuɗin da wata tsohuwa take tarawa domin aikin hajji, jarin da ƙanensa ya zuba a shago, kayan da wani fatake daga Mubi ko Kusiri ya sauke masa a kan ya sayar ya aiko da kuɗi. Haka nan akwai dukiyar matansa, kamar awakin da mace ta saya da kuɗin sana'arta, da kayan ɗakinta, da gwal ɗinta, waɗanda zamansu a gidan miji bai mayar da su nasa ba. A ɗaya gefen kuma akwai dukiyarsa da take hannun wasu, musamman shanun da ya bai wa makiyayi kiwo a daji, waɗanda sau da yawa babu wanda ya san adadinsu sai su biyu. Kuɗin da ke cikin wayarsa, na MTN Mobile Money ko Orange Money, shi ma tarika ne, kuma ɗan da ya san lambar sirrin ya cire shi a daren rasuwa ya taɓa haƙƙin 'yan'uwansa ko da niyyarsa ta alheri ce.

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Hadisi ya nuna cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, shi ya sa ba a jira a gama makoki kafin a yi waccan sanarwa. A mazhabar Malikiyya, bashin da aka yanka wa lokaci yana zama na biya nan take da zarar wanda ake bi ya rasu, amma wanda marigayi yake bin wasu yana nan a kan wa'adinsa, magada ba su da ikon matsa wa mutum kafin lokacinsa ya yi. Ragowar sadakin da miji bai cika ba bashi ne kamar kowane bashi, ana biyan matar kafin rabo, sannan ta karɓi tumuninta daban. Wanda ya zo da da'awar yana bin mamaci kuma ba a ba shi don kawai ana ganin girmansa. Sai ya kawo shaidu biyu adalai, ko shaida ɗaya da rantsuwa, kuma alƙali yakan ƙara rantsar da shi cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, tun da wanda zai ƙaryata shi yana kabari.

Wahalar ita ce kasuwancinmu ya ginu ne a kan yarda da baki, duk da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Ko inda aka rubuta ma, ba kullum rubutun yake fid da kai ba. Masu ƙirga da dala suna nufin sefa biyar da kowace dala, kamar yadda masu Larabcin Shuwa a Kusiri da Njamena suke yi da riyal, saboda haka “ɗari biyu” a littafin wani dattijo tana iya zama jaka guda cur, wato sefa dubu. A garuruwan kan iyaka kuwa sai an tantance da wane kuɗi aka ci bashin. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro, ita kuwa naira ta faɗi ƙwarai tun daga 2023, don haka bashin da aka ci da naira kafin wannan lokaci, idan aka ƙiyasta shi da sefa a farashin ranar da aka ci, zai zama wani abu daban da abin da ake bi a yau. Asalin hukunci shi ne a mayar da irin abin da aka karɓa da adadinsa. Adashi ma yana da nasa lissafin: idan marigayi ya riga ya ɗauka, zubin da ya rage bashi ne a kan tarika, idan kuwa bai ɗauka ba, abin da ya zuba nasa ne, 'yan adashi su mayar wa magada.

Bashin banki ya fi wannan tsauri ta fuskar takarda, amma wani lokaci ya fi sauƙi ta fuskar biya, domin bankuna sukan haɗa rancen ma'aikata da inshorar rai, wadda take biyan ragowar idan mai rancen ya rasu. Iyalai da yawa ba su san da wannan sharaɗi ba, sai su fara sayar da kadara alhali amsar tana cikin yarjejeniyar da marigayi ya sanya wa hannu. Idan kuma ya tsaya wa wani lamuni, dokar OHADA ta ce nauyin yana wucewa zuwa ga magadansa, amma a kan basussukan da suka riga suka tabbata kafin rasuwarsa kaɗai. Akwai wani bambanci mai haɗari da ya kamata kowane magaji ya sani. A shari'ar Musulunci, idan bashi ya fi tarika yawa, masu bin bashi suna raba abin da aka samu gwargwadon haƙƙin kowa, ba a tilasta wa 'ya'ya su cika daga aljihunsu, sai dai su yi don jinƙai ga mahaifinsu. A dokar ƙasa kuwa, wanda ya karɓi gado ba tare da sharaɗi ba ya karɓe shi ne da bashinsa duka, har abin da ya zarce dukiyar. Mafitar da dokar ta bayar ita ce magaji ya karɓa bisa sharaɗin ƙidayar kaya, ko ya ƙi gadon ɗungurungum, kuma ta ba shi wata uku na yin ƙidaya da ƙarin kwana 40 na yin shawara. Wanda ya yi gaggawar sayar da motar mahaifinsa a makon farko ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya riga ya karɓa ba tare da sharaɗi ba.

Wasiyya ba ta da wuyar fahimta. Ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Sa'ad ɗan Abu Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Dokar ƙasa tana da nata ma'auni: mai ɗa ɗaya yana iya bayar da rabin dukiyarsa, mai biyu sulusi, mai uku ko fiye rubu'i. Abin da ya fi jawo rigima a gidaje shi ne kyauta. Uba yakan ce a gaban mutane ya bai wa autarsa gida ko ya bai wa amaryarsa fili, sannan ya ci gaba da karɓar kuɗin hayar gidan har ya rasu. A wurin Malikiyya irin wannan kyauta ta ɓaci, domin sharaɗinta hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin a hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma bisa aya ta 234 a Suratul Baƙara, kimanin kwana 130 ke nan, mai ciki kuma sai ta haihu. Ana fara ƙirga ta daga ranar rasuwa, ba daga ranar sadakar bakwai ko ranar da aka yi wa mace kitson takaba ba. Mai takaba tana barin ado da turare, tana kwana a ɗakinta, amma tana iya fita da rana domin buƙata, kuma yawancin sauran ƙa'idojin da tsofaffi suke ɗora mata al'ada ce kawai. Ta fuskar kuɗi, Malikiyya sun ba ta haƙƙin zama a gidan idan mallakar mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa, amma ba su ba ta ciyarwa daga tarika ba, sai daga rabonta. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana jinkirta rabo, domin matar da aka ce ta zauna a ɗaki wata huɗu, ba ta da sana'a, rabonta kuma yana kulle, an bar ta ne ga tausayin dangin miji. Idan kuwa tana da ciki, a wannan mazhaba rabon ne gaba ɗaya ake dakatarwa har a ga abin da ta haifa.

Dokar ƙasa tana da nata wa'adin. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 29 ga Yuni 1981, a sashe na 77, ta ce matar da mijinta ya rasu tana da 'yancin sake aure bayan kwana 180, wato kusan kwana 50 bayan fitar takaba. Saboda haka auren da aka ɗaura a masallaci a wata na biyar ingantacce ne a addini, amma lokacin rubuta shi a meri, wato ofishin magajin gari, bai yi ba tukuna. Sashen ya kuma hana magadan miji iƙirarin wani iko a kan matar, ko a kan 'yancinta, ko a kan dukiyarta, ya hana kowa neman a mayar masa da sadaki saboda ta sake aure. An rubuta shi ne domin al'adun da suke gadon mace kamar kaya, amma yana kare Bahaushiya ma daga ƙanen mijin da yake ganin shi ne mai ɗakin yanzu.

Mafi yawan rabon gado a wannan yanki ana yin sa ne a gida a gaban malamin unguwa, idan an kasa daidaitawa a tafi wurin alƙalin lamido. Dokar sarautun gargajiya ta 1977 ta yarda sarakuna su yi sulhu tsakanin talakawansu, kuma hukuncin fada yana da kwarjini a idon jama'a, sai dai banki ba ya buɗe asusu da shi, ofishin filaye ma ba ya canza suna da shi. Da zarar banki ya sami labarin rasuwa yana rufe asusun, kuma abin da zai buɗe shi hukuncin kotu ne na tabbatar da magada, wanda mutane suke kira jijman. Hanyar samunsa tana farawa da takardar mutuwa daga meri, wadda gyaran dokar da aka yi a 2011 ya ba da kwana 90 a kai rahotonta, wanda ya makara kuma sai ya bi ta kotu. Sai takardar taron dangi mai ɗauke da sunayen magada da na wanda aka wakilta ya kula da dukiyar, da takardun haihuwar 'ya'ya, da takardar aure, da shaidu, daga ƙarshe kuma takardar da take nuna ba a ɗaukaka ƙara ba. A nan ne gidaje da yawa suke tuntuɓe, domin an ɗaura auren da goro da shaidu ba a je meri ba, wasu 'ya'yan kuma ba su da takardar haihuwa. Matar da ta shekara ashirin a ɗakinta sai ta wayi gari tana neman hujjar cewa ita matar marigayi ce, ko da a wurin CNPS ne, asusun fanshon ma'aikata, wanda yake raba kason matan mamaci daidai a tsakaninsu idan sun fi ɗaya.

Kotun da za a je ita ma zaɓi ce mai nauyi. Dokar 19 ga Disamba 1969 ta tsara kotunan gargajiya na ɓangaren da Faransa ta mulka, ta bai wa kotun mataki na farko ikon sauraron shari'ar aure da saki da gado, inda mai shari'a yake zama da mataimaka masana al'adar masu ƙara. Ta wannan ƙofa ce hukuncin Musulunci yake shiga kotun gwamnati, matuƙar kotu ba ta ga ya saɓa wa manyan ƙa'idojin ƙasa ba. Amma wanda aka kai ƙara yana da ikon ƙin wannan kotu tun kafin a shiga gundarin magana, sai shari'ar ta koma babbar kotu, kuma Kotun Ƙoli ta daɗe da kafa ƙa'idar cewa zaɓen kotu zaɓen doka ne.

Misali zai nuna girman abin. A ƙaddara wani ɗan kasuwa a Garwa ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mata uku, tarikarsa kuma ta kai sefa 24,000,000. An kashe 200,000 a jana'iza, an biya bashin 5,000,000, an zartar da wasiyyar 2,000,000 ga makarantar allo, wadda ba ta kai sulusi ba, ba ta kuma kai rubu'i ba. Abin da ya rage 16,800,000 ne. A rabon Musulunci, matan biyu suna tarayya a tumuni, wato 2,100,000, kowacce 1,050,000. Mahaifiya tana da sudusi, 2,800,000. Ragowar 11,900,000 ta 'ya'ya ce a matsayin asaba, wato magadan da suke ɗaukar abin da ya rage, a kasa ta bakwai, kowace mace 1,700,000, kowane namiji 3,400,000. A rabon dokar ƙasa kuwa, idan an yi auren bisa tsarin kowa da dukiyarsa, 'ya'yan biyar suna raba kuɗin daidai, kowa 3,360,000. Mahaifiya ba ta da komai, domin 'ya'ya suna shamakance ta, matan kuma ba su mallaki ko dala ba, abin da suke da shi haƙƙin cin moriyar rubu'in dukiyar ne kawai. Yawancin muhawarar da ake yi a kan tsarin biyu tana tsayawa ne a kan kason ɗa namiji da 'ya mace, amma a wannan gida ɗa namiji 40,000 kacal ya rasa. Ƙarin da 'ya'ya mata suka samu kusan dukkansa ya fito ne daga hannun kakarsu da iyayensu mata, kuma wannan gefen lissafin ba kasafai ake ambatonsa ba. Idan kuwa takardar auren ta nuna tarayyar dukiya, to sai an fara fitar wa mace rabonta na tarayya kafin a yi maganar gado, lissafin ya sake canzawa.

Akwai wasu wuraren da tsarin biyu suke rabuwa sarai. Jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado a fiƙihu idan akwai baffanninsa maza, hanyar da aka bar wa kakan ita ce ya yi masa wasiyya daga sulusi, alhali dokar ƙasa tana tsayar da jikan a matsayin mahaifinsa. Bambancin addini yana hana gado a Musulunci, dokar ƙasa kuwa ba ta duba shi, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da Musulmi da yawa suke da 'yan'uwa na jini a cikin Mafa ko Tupuri ko Gbaya da ba su musulunta ba.

Bayan an fitar da lissafi a takarda, sau da yawa dukiyar ba ta rabuwa a zahiri, domin gida ɗaya ne ko shago ɗaya, kuma ana jin nauyin a ce an sayar da gidan uba. Sai a bar komai a hannun babban wa, wanda jijman ya naɗa mai kula da dukiya. Wannan muƙami wakilci ne, bai mayar da shi mai gida ba, kuma ana iya neman ya kawo lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Shekaru suna tafiya, wasu magadan su rasu su bar nasu magadan, har rabon mutum bakwai ya zama na mutum arba'in. Sashe na 815 na kundin dokokin jama'a ya ce ba a tilasta wa kowa zama cikin tarayyar gado, fiƙihu ma ya bai wa kowane magaji ikon neman a raba ko a sayar. Idan filin yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, dokar filaye ta 1974 ta wajabta cewa duk cinikinsa ya bi ta hannun notar, jami'in da doka ta ɗora wa rubutawa da tabbatar da irin waɗannan takardu, in ba haka ba cinikin ɓatacce ne, saboda haka takardar da aka rubuta a zaure da sa hannun mai unguwa ba ta isa ba. Kason maraya kuwa amana ne a hannun wasiyyinsa, yana ciyar da shi daga ciki da adalci, yana juya shi idan akwai maslaha, sannan ya miƙa masa a gaban shaidu idan ya balaga kuma aka ga hankalinsa, kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta tsara.

Akwai kuma gidajen da ba su sami gawa ba balle su yi sanarwa a maƙabarta. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin Arewa Mai Nisa, a wuraren Kolofata da Fotokol da Mora, an sami mazajen da suka fita ba su dawo ba, babu kuma wanda zai shaida mutuwarsu. Asalin hukuncin Malikiyya a kan wanda ya ɓace shi ne matarsa ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mutuwa, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, wanda mashahurin zance ya sanya a 70. Malaman mazhabar sun sassauta wa'adin ga wanda ya ɓace a fagen yaƙi, kuma matar da ba a bar mata abin ci ba tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da ta jira shekarun nan ba. A gefen gwamnati, meri ba ta bayar da takardar mutuwa a kan zato, sai kotu ta yanke hukuncin ɓacewa ko na tabbatar da mutuwa, kuma kafin a samu wannan hukunci asusun mutumin da filinsa suna nan da sunansa, 'ya'yansa ba su da ikon sayarwa ko jinginarwa.